Yadda Ake Gane Gwanin Oscar Tun Ba A Buɗe Ambulan Ba

Kamar yadda manomi yake da damina da kaka, haka masu sana'ar silima a ƙasar Amurka suke da nasu lokacin shuka da na girbi. Tun daga ƙarshen watan Agusta har zuwa watan Maris na shekara mai bi, watau wajen wata shida ke nan, ba abin da ake yi a Holiwud, unguwar nan ta birnin Los Angeles inda manyan kamfanonin fim suka yi sansani, sai bukukuwan raba kyaututtuka, wannan na bin wancan, har a kai ga babbansu duka, wanda ake kira Oscar. A cikin wannan tsakani kuwa akwai waɗansu mutane da ba su shirya fim, ba su fitowa a cikinsa, ba su kuma da ƙuri'a ko ɗaya, amma kunnen kowa yana wurinsu. Su ne masu hasashe. Aikinsu shi ne su faɗi wanda zai shiga takara tun ba a tsayar da 'yan takara ba, sa'an nan su faɗi wanda zai ci tun ba a jefa ƙuri'a ba.

Abin mamaki, galibi maganarsu takan fito daidai. Wanda bai san kan al'amarin ba sai ya yi tsammanin ko duba suke yi, ko kuwa wani ne ke tsegunta musu daga ciki. Ba ko ɗaya. Hasali ma ba su fi kowa sanin fim mai kyau ba. Mai hasashen da ya iya aikinsa, abu na farko da yake koya shi ne ya ajiye son ransa a gefe, gama abin da ake nema a wurinsa shi ne ya faɗi fim ɗin da waɗansu mutane ƙididdigaggu, waɗanda aka san sunayensu da sana'arsu da shekarunsu, za su zaɓa. Saboda haka wanda yake so ya gane hasashe, sai ya fara da sanin waɗannan mutane.

MASU ƘURI'A

Ƙungiyar da ke ba da kyautar, wadda a taƙaice ake ce mata Akadami, an kafa ta a shekarar 1927. An yi bikinta na farko ran 16 ga watan Mayu na 1929 a otal ɗin Roosevelt, mutum wajen 270 suka halarta, aka raba kyaututtukan cikin minti 15. Ran nan ba wanda gabansa ya faɗi, don tun wata uku kafin bikin an riga an bayyana waɗanda suka ci. Daga baya aka riƙa ba jaridu sunayen a asirce, bisa alkawarin ba za su buga ba sai ƙarfe 11 na daren bikin. A 1940 jaridar Los Angeles Times ta saɓa alkawari, ta buga sunayen a fitowarta ta yamma, baƙi suka karanta tun ba su shiga zauren ba. Daga 1941 sai aka koma rufe sunayen cikin ambulan, aka bar asirin a hannun akantocin kamfanin Price Waterhouse, masu ƙidayar ƙuri'un. Ana iya cewa ranar da aka liƙe wannan ambulan ranar aka haifi sana'ar hasashe, ko da yake ba ta yi gashin baki ba sai wajen shekarar 2000, sa'ad da aka buɗe shafunan intanet irin su Gold Derby, waɗanda ba su da wani aiki sai ita.

Masu ƙuri'a a yanzu sun kai wajen mutum 10,000, dukansu ma'aikatan silima, kuma gayyatar mutum ake yi kafin ya shiga. An kasa su reshe-reshe bisa ga sana'a: akwai reshen daraktoci, da na marubutan labari, da na masu ɗaukar hoto, da na masu tace hoton su haɗa shi, da na masu kiɗa, da sauransu. Reshen 'yan wasa shi ya fi kowanne yawa, ya haura mutum 1,000. A zagaye na farko, a yawancin fannoni, kowane reshe shi ke tsayar da 'yan takarar sana'arsa, daraktoci su tsayar da daraktoci, 'yan wasa su tsayar da 'yan wasa. Babbar kyauta kuwa, watau ta fim mafi kyau, kowa yana da baki a tsayar da 'yan takararta. A zagaye na biyu ƙofar kowane fanni a buɗe take ga kowa.

A 2012 jaridar nan ta Los Angeles Times ta bi diddigin masu ƙuri'ar, ta tarar kashi 94 cikin 100 fararen fata ne, kashi 77 maza ne, rabinsu kuma sun wuce shekara 62. A zamanin nan hasashe yana da sauƙi. Mai hasashe ya san tsoho Bature mazaunin Los Angeles yake ƙoƙarin karanta zuciyarsa, ya kuwa san abin da irin wannan dattijo yake so: labarin yaƙi, ko na sarakunan Ingila, ko na wani bawan Allah da ya sha wuya ya daure. To, a 2015 da 2016 aka tsayar da 'yan wasa 20 a kowace shekara, ba baƙar fata ko ɗaya a cikinsu. Aka yi ta kuka, Akadami ta ji kunya, ta shiga gayyatar sababbin mutane da ɗari-ɗari, da yawansu daga ƙasashen waje. A 2018 kaɗai ta gayyaci mutum 928. Ta wannan ƙofa ce 'yan Nijeriya irin su Omotola Jalade-Ekeinde a 2018, da Tunde Kelani a 2019, da Genevieve Nnaji a 2020, da Funke Akindele a 2022 suka sami gayyata. Ba a jima ba aka ga sakamako. Ran 9 ga watan Fabrairu na 2020 fim ɗin Parasite na Koriya ta Kudu ya ɗauki babbar kyauta, karo na farko ke nan da fim ɗin da ba da Turanci aka yi shi ba ya yi haka, bayan bukukuwa 91 da suka gabata.

JUMA'AR DA ZA TA YI KYAU

Tun daga Laraba ake gane ta, Larabar Oscar kuwa ita ce bukukuwan baje kolin fina-finai. A watan Mayu akwai na garin Cannes a bakin tekun Faransa. A ƙarshen Agusta akwai na Benis, birnin nan na Italiya da aka gina a kan ruwa. Ana cikin wannan sai a buɗe wani a Telluride, wani ɗan ƙaramin gari cikin duwatsun jihar Colorado, bayan 'yan kwanaki kuma a buɗe na Toronto a Kanada. Cikin mako uku, fina-finan da kamfanoni suka ɓoye tun farkon shekara sai a fito da su a gaban 'yan jarida da masu sharhi da dillalai. Mai hasashe yakan zauna cikin zauren, ido ɗaya a kan majigi, ɗaya a kan jama'a, yana lura da inda aka yi dariya, da inda aka yi tsit, da wanda ya tashi ya fita.

Na Toronto ya fi sauran amfani a wurinsa, domin babbar kyautar can 'yan kallo ne ke zaɓen ta, ba alƙalai ba. Chariots of Fire ya ci ta a 1981, American Beauty a 1999, Slumdog Millionaire a 2008, The King's Speech a 2010, 12 Years a Slave a 2013, Green Book a 2018, Nomadland a 2020, kuma dukansu bakwai sun je sun ɗauki babbar kyautar Oscar. Ta Cannes kuwa, ko da yake ta fi daraja a idon masana, ba ta cika nuna hanya ba a da. Tun daga Marty na 1955 ba a sake samun fim ɗin da ya haɗa ta da babbar kyautar Oscar ba sai Parasite. Amma bayan shekara biyar kacal Anora ya maimaita, abin da ya nuna cewa sababbin masu ƙuri'a na ƙasashen waje sun jawo Cannes kusa da Holiwud.

A watan Disamba ƙungiyoyin masu sharhi na New York da Los Angeles sukan ba da nasu kyaututtuka, a farkon Janairu kuma a yi bikin Golden Globe. Wannan biki yana da armashi a talabijin, amma mai hasashe na ƙwarai ba ya ɗora masa nauyi da yawa, tun da masu zaɓensa 'yan jarida ne. Shekara da shekaru wata 'yar ƙungiya ce ta wakilan jaridun ƙasashen waje, wadda ba ta kai mutum 90 ba, ke yanke hukuncinsa. A 2021 aka fallasa cewa ba baƙar fata ko ɗaya a cikinta, gidan talabijin na NBC ya ƙi nuna bikin 2022, a 2023 kuma aka rushe ƙungiyar aka sake tsari. Amfanin bikin dai shi ne yana ba ɗan takara damar ya hau dandamali ya yi jawabi, masu ƙuri'ar Oscar suna kallo daga gida.

INDA HASASHE YA KOMA LISSAFI

Ainihin abin da masu hasashe suke jira shi ne kyaututtukan ƙungiyoyin sana'a. Daraktocin Amurka suna da ƙungiyarsu, haka furodusoshi, haka marubuta, haka 'yan wasa, kowacce kuma tana ba da tata kyauta kafin Oscar. Sirrin abin shi ne da yawa daga cikin 'yan Akadami 'yan waɗannan ƙungiyoyi ne. Mutumin da ya zaɓi darakta a ƙungiyarsa yau, shi ne zai sake zaɓe a Oscar bayan mako biyu ko uku, ba kuwa lalle ne ya sake ra'ayi ba. Kamar a ɗanɗana miya ce da ludayi tun tana kan wuta.

Daga 1948 zuwa 2025, sau 8 kacal aka sami wanda ya ci kyautar ƙungiyar daraktoci bai ci ta Oscar ba. Ta furodusoshi kuwa, cikin bukukuwa 16 daga 2010 zuwa 2025, sau 3 ne fim ɗin da ta zaɓa ya faɗi: The Big Short a 2016, La La Land a 2017, da 1917 a 2020. In aka duba waɗannan guda uku da kyau, sai a ga kowanne akwai hannun 'yan wasa a ciki. Ƙungiyar 'yan wasa tana da wata kyauta da take ba taron 'yan wasan fim gaba ɗaya. Spotlight, wanda ya kada The Big Short, ya ci wannan kyauta. Parasite, wanda ya kada 1917, shi ma ya ci ta. La La Land da 1917 kuwa ko takararta ba su shiga ba. Reshen da ya fi kowa yawa a Akadami ya riga ya yi magana, wanda ya ji ya ji.

Ban da waɗannan, akwai waɗansu ƙa'idodi da masu hasashe suka tsamo daga tarihi. Ɗaya ita ce fim ba ya cin babbar kyauta sai mai tace hotonsa ya shiga takara; haka abin ya tafi tun daga fina-finan 1981 har zuwa na 2013, kafin Birdman ya karya ta. Wata kuma ita ce sai daraktan fim ya shiga takara. Daga 1933 zuwa 2012 sau ɗaya aka karya wannan, da Driving Miss Daisy a 1990, amma cikin shekara goma da suka biyo baya aka karya ta sau uku, da Argo a 2013, da Green Book a 2019, da CODA a 2022. CODA ma duka biyun ya karya a dare ɗaya. Irin waɗannan ƙa'idodi, in an faɗi gaskiya, al'adun tsofaffin masu ƙuri'a ne aka ƙididdige aka sa musu suna doka, shi ya sa da aka sake mutanen sai suka riƙa zubewa.

Sai kuma yadda ake ƙidayar ƙuri'ar babbar kyauta, wanda ya kamata mai karatu ya tsaya ya fahimta, gama nan ne hasashe ya fi cin tuntuɓe. A sauran fannoni wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci. Amma tun da aka faɗaɗa takarar fim mafi kyau zuwa guda 10 a 2009, sai aka ce mai zaɓe ya jera fina-finan daga na ɗaya har na ƙarshe. Akantoci za su kasa takardun bisa ga na ɗayan kowa. In ba fim ɗin da ya haura rabi, sai a fitar da na ƙarshe, a duba na biyun waɗanda suka zaɓe shi, a raba wa sauran, a yi ta yin haka har wani ya haura rabi. A ɗauka, don misali, masu zaɓe 100 ne, fina-finai uku. Na farko ya sami 40, na biyu 35, na uku 25. Aka fitar da na uku, aka tarar cikin mutanensa 25, mutum 18 sun sa fim na biyu a matsayi na biyu, 7 sun sa na farko. Sai fim na biyu ya tashi da 53, na farko da 47. Watau wanda ya fi yawan masoya ya faɗi, wanda ya fi ƙarancin maƙiya ya ci.

Wannan lissafi ne aka fi dangantawa da abin da ya faru ran 26 ga watan Fabrairu na 2017. La La Land ya zo da takara 14, adadin da a lokacin All About Eve na 1950 da Titanic na 1997 ne kaɗai suka taɓa kaiwa. Ya ci Golden Globe 7, ya ci kyautar furodusoshi, da ta daraktoci, da ta BAFTA a Landan. Kusan ba mai hasashen da bai ba shi ba. Da aka zo kyauta ta ƙarshe, akanta ya miƙa wa Warren Beatty ambulan ɗin da ba shi ba, Faye Dunaway ta leƙa ta karanta sunan La La Land, ba wanda ya yi ko gezau, tun da abin da ake tsammani ke nan. Furodusoshi suka hau, suka yi ta godiya wajen minti biyu, sa'an nan ɗaya daga cikinsu, Jordan Horowitz, ya ɗaga katin gaskiya ya nuna wa duniya. Moonlight ne ya ci, ɗan ƙaramin fim a kan wani yaro baƙar fata a birnin Miami, wanda aka shirya da dala miliyan ɗaya da rabi. Kuskuren ambulan shi ya fi jan hankalin jama'a, amma da an ba da ambulan daidai ma, da kunyar masu hasashe tana nan.

Haka suka sake sha a 2021. Chadwick Boseman, wanda ya fito a Black Panther, ya rasu a watan Agusta na 2020 yana da shekara 43, fim ɗinsa na ƙarshe kuma ya ciyo masa Golden Globe da kyautar ƙungiyar 'yan wasa. Hasashe ya yi ƙarfi har masu shirya bikin suka saɓa al'ada, suka ajiye kyautar gwarzon ɗan wasa a ƙarshe. Da aka buɗe ambulan sai ga sunan Anthony Hopkins, dattijo mai shekara 83, wanda yake can yankin Wales yana barci. Aka rufe taro a haka, ba jawabi. Alhali kuwa mako biyu kafin nan Hopkins ya ci BAFTA, ƙungiyar da 'yan Akadami mazauna Ingila da dama suke cikinta.

BANZA BA TA KAI ZOMO KASUWA

Abin da ya fi kowane lissafi nauyi a ma'aunin mai hasashe shi ne tambaya guda: wane kamfani ne ke bayan fim ɗin, nawa kuma zai kashe? Neman Oscar kamfe ne sosai irin na 'yan siyasa. Ana sayen shafuka a jaridun sana'ar, Variety da The Hollywood Reporter, ana kafa alluna a titunan Los Angeles, ana kama gidajen silima a nuna wa masu ƙuri'a fim kyauta, a kawo darakta da 'yan wasa su amsa tambayoyi. Ɗan takara yakan yi wata uku yana yawo daga liyafa zuwa hira, yana faɗin labari ɗaya da murmushi ɗaya.

Wanda aka fi dangantawa da tsananta wannan al'ada shi ne Harvey Weinstein na kamfanin Miramax, wanda daga baya aka kore shi daga Akadami a 2017 bisa zargin cin zarafin mata. A 1999 kowa ya sakankance Saving Private Ryan na Steven Spielberg zai ci. Weinstein ya zuba kuɗi a kan Shakespeare in Love, ya bi masu ƙuri'a har inda suke, aka kuma zarge shi da yaɗa maganar cewa fim ɗin Spielberg ba komi a cikinsa bayan mintocin farko. Spielberg ya ci kyautar darakta, babbar kyauta ta tafi Miramax. Tun daga ran nan kuɗin kamfe ke hawa. An ruwaito cewa Netflix ya kashe aƙalla dala miliyan 25 a kan kamfen Roma a 2019, fim ɗin da aka shirya da miliyan 15. Anora, wanda ya ci kyauta 5 a 2025, da dala miliyan 6 aka yi shi, amma shugaban kamfanin Neon ya ce sun kashe miliyan 18 wajen tallarsa da rarraba shi da neman kyauta.

Mai hasashe kansa yana cikin wannan kasuwa, ko ya so ko ya ƙi. Mai ƙuri'a ba shi da lokacin kallon ɗaruruwan fina-finan da suka cancanta, saboda haka yakan fara da waɗanda ya ji ana ambata. Waɗanda ake ambata kuwa su ne na jerin masu hasashe, shafunan masu hasashe kuma da tallar kamfanonin nan suke rayuwa. Sai hasashe ya zama yana haifar da abin da ya faɗa. A 2025 Akadami ta kafa doka cewa ba mai zaɓe a zagaye na ƙarshe sai ya kalli dukan 'yan takarar fannin, abin da ya ba mutane da yawa dariya, don sun ɗauka da ma haka ake yi.

Sau biyu a 'yan shekarun nan aka ga abin da ke faruwa in kamfe ya bi wata hanya dabam. A watan Janairu na 2023 Andrea Riseborough ta shiga takarar gwarzuwar 'yar wasa da To Leslie, fim ɗin da bai tara abin da ya wuce wajen dala 27,000 a gidajen silima ba. Manyan taurari ne, irin su Kate Winslet da Gwyneth Paltrow, suka yi ta yabonta daidai lokacin jefa ƙuri'a. Viola Davis, wadda ta fito a The Woman King, labarin mayaƙan mata na daular Dahomey, da ake ganin ta riga ta shiga, sai aka nemi sunanta aka rasa. Akadami ta yi bincike, ta bar takarar, ta ƙara tsaurara dokokin kamfe. Na biyu shi ne Emilia Pérez, wanda ya sami takara 13 a 2025, yana kan gaba a jerin mutane da yawa. Mako guda bayan haka wata 'yar jarida a Kanada ta tono tsofaffin rubuce-rubucen da tauraruwar fim ɗin, Karla Sofía Gascón, ta yi a Twitter, inda ta ci zarafin Musulmi da addininsu. Netflix ya janye ta daga kamfe. A daren bikin fim ɗin ya tashi da kyauta 2, ko ta fim ɗin ƙasashen waje, da ake ganin tana aljihunsa, Birazil ce ta ɗauke.

INA FINA-FINAN AFIRKA?

Wannan fanni na fim ɗin ƙasashen waje shi ne ya shafi Nijeriya kai tsaye. Kowace ƙasa fim ɗaya take aikawa, kuma wajibi ne fiye da rabin maganar da ke cikinsa ta kasance ba da Turanci ba. A watan Disamba a yi tankaɗe a bar 15, a Janairu a yi rairaya a bar 5. Sau uku Afirka ta taɓa ci: Z na Aljeriya a 1970, Black and White in Color na Kwaddibuwa a 1977, waɗanda duka biyu daraktocinsu mutanen Turai ne, sai Tsotsi na Afirka ta Kudu a 2006.

Nijeriya ta fara aikawa a 2019 da Lionheart na Genevieve Nnaji, wanda Sani Mu'azu da Yakubu Muhammad suka fito a ciki. Aka cire shi tun ba a fara ba, domin cikin minti 95 wajen minti 11 ne kawai ba Turanci ba. Wannan doka, wadda ta zama ƙaya ga yawancin fina-finan Legas, buɗaɗɗiyar ƙofa ce ga fim ɗin Hausa, an kuwa bi ta sau biyu. A 2020 aka aika The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a jihar Taraba, labarin 'yan'uwa mata biyu da 'yan ta'adda suka raba da gida. Ya ci kyauta 5 a bikin AMAA na Afirka, har da ta fim mafi kyau, Maryam Booth ta samu ɗaya daga ciki. A 2024 aka aika Mai Martaba na Prince Daniel, labarin rikicin gadon sarauta da aka ɗauka a Daura, Adam A. Zango yana ciki. Nijar ma ta aika nata na farko a 2018, fim ɗin Rahmatou Keïta, wanda akwai Hausa a cikinsa. Ba ɗayansu da ya tsallake tankaɗen farko.

Duk lokacin da aka aika, sai a yi ta murna a gida ana cewa fim ɗin Hausa ya shiga Oscar, in Disamba ta zo kuma a ce an yi rashin adalci. Mai hasashe kuwa tun Oktoba ya san yadda za ta ƙare, ba tare da ya raina fim ɗin ba, wataƙila ma bai gan shi ba. Fina-finan ƙasashe 93 aka karɓa a shekarar The Milkmaid, na ƙasashe 85 a shekarar Mai Martaba. Ba a tilasta wa mai ƙuri'a ya kalli duka, wani kaso ake ɗora masa, sauran kuma sai wanda ya ga dama. Saboda haka tambayar ita ce a wane babban biki aka nuna fim ɗin, wane dillali ya saya don Amurka, wa zai biya kuɗin nuna shi a Los Angeles. A duba waɗanda suka tsallake daga Afirka. Tsotsi ya ci kyautar 'yan kallo a Toronto a 2005, Miramax ya rarraba shi. Timbuktu na Muritaniya ya yi takara a Cannes a 2014 kafin ya shiga cikin biyar. A shekarar The Milkmaid, Night of the Kings na Kwaddibuwa ya shiga cikin 15 bayan an nuna shi a Benis, Neon ya saya. A shekarar Mai Martaba, Dahomey na Sanigal ya shiga, yana riƙe da babbar kyautar bikin Berlin, kamfanin Mubi yana bayansa. Ko bin wannan hanya ba ya tabbatar da komi, gama Lingui na Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Cadi, ya yi takara a Cannes a 2021 bai kuwa tsallake ba. Amma wanda bai bi ta ba, da wuya sunansa ya kai kunnen mai ƙuri'a.

Kwamitin da ke zaɓar wa Nijeriya fim yakan yanke shawara ne wajen Satumba ko Oktoba, sa'ad da jerin masu hasashe ya riga ya daskare. Mai shirya fim a Kano ko Kaduna da ke da wannan buri, aikinsa yana farawa ne shekara guda kafin nan: ya sami fassara mai kyau da za a rubuta a ƙasan hoto, ya gyara sauti yadda zai tsaya a babban zaure, ya aika wa bukukuwan Berlin ko Cannes ko Toronto cikin wa'adinsu, ya kuma ware kuɗin tafiya da talla tun a kasafin farko. A watan Mayu na 2025 wani fim da aka ɗauka a Nijeriya, My Father's Shadow na Akinola Davies, labarin uba da 'ya'yansa biyu a Legas lokacin rikicin zaɓen 1993, ya zama na farko daga ƙasar nan da ya shiga jerin da hukumar bikin Cannes ta zaɓa, Mubi kuma ya riga ya saye shi. Da kuɗin hukumomin fim na Ingila aka taimaka aka shirya shi, Ingila ce kuma ta aika shi Oscar da sunanta. A wannan shekara kwamitin Nijeriya ya zauna, ya duba fina-finan da aka kawo masa, ya ce ba zai aika ko ɗaya ba.